Kalmar da Ta Raba Ni da 'Yan Kunnen Mama

Yayata Zdenka,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki Ljerka a Zagreb. Ina fata sanyin Kanada ya ƙyale gwiwoyinki, Allah ya ƙara miki lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan kalau. Maigidana Zvonko na nan da tarinsa da gardamarsa. Ni ce dai tun ranar Asabar na kasa zama wuri ɗaya, har jiya a kasuwa na naɗe wa wata mata cuku mai gishiri alhali marar gishiri ta nema.

Kin san ɗana Domagoj ya koma Ljubljana saboda yarinyar nan Neža, kuma na rantse ba zan sa albarka a aurensu ba sai ya dawo gida. Ɗa guda gare ni, ban haifa wa Sloveniyawa ba. Da danginta suka gayyace mu, na ce wa Zvonko mu je da safe mu juyo da yamma, ba ruwanmu da otal. Na samo tikitin jirgin ƙasa na rahusa, na ɗaure burodi da cuku da dafaffen ƙwai don kada a yanke mu a tasha. Niyyata in juya yarinyar yadda nake juya kayan da ƙauyawa ke kawo mini, in gano aibinta, in ja ɗana gefe. Jirgin ya yi ta jan ciki a gefen kogin Sava, ina tsara maganganuna, Zvonko kuwa ya cinye guzurin tun ba mu tsallake iyaka ba.

Daga tasha muka taka zuwa gidan kakarta, garin ai bai kai a hau mota ba. An jera abinci, amma babu Neža. Na ce a raina ga aibi na farko. Na tambaya, sai tsohuwar ta dafa hannuna, ta nuna ɗaki, ta ce da harshensu wai yarinyar "trudna" ce. Yaya, kin san a wurinmu ba a faɗa wa mace wannan kalmar sai tana da ciki. Da yarinyar ta fito da kumburarrun idanu, ban san lokacin da na rungume ta ba. Na ciro 'yan kunnen Mama na danƙa mata, na ce a ɗaura aure kafin sanyi ya shigo, su zauna duk garin da suka ga dama. Domagoj ya sumbaci goshina ya ce, "Mama, a gaban shaidu fa kika faɗa."

A jirgin dawowa na shiga yi wa wata Basloveniya da ke zaune gabana alfaharin jika na tafe. Da na maimaita mata maganar tsohuwar, ta yi dariya har da hawaye. Ashe a bakin tsofaffinsu kalmar gajiya kawai take nufi. Gajiyar aikin da take yi a asibiti ce ta kwantar da yarinyar. Zvonko ya ce, "Uwar ciniki, yau kin biya ba ki ɗanɗana ba." Muna sauka na kira Domagoj, wanda yake jin harsunan biyu sarai amma ya zauna yana cin kek. Ya ce shi bai yi mini ƙarya ba ko ɗaya, kuma a gindin teburina ya koyi cewa ba a gyara wa mai saye kuskuren da ya yi wa mai kaya daɗi.

Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga, da nufin in ce na janye. Na kasa. Maganata ta riga ta fita, kuma ke kaɗai zan gaya wa, yarinyar da na riƙe a ƙirjina ban sami aibinta ba. Saboda haka ki fara neman tikitin biki. Ulun da na saya wa jika a guje kafin mu shiga jirgin dawowa kuwa na fara saƙa shi. Zvonko ya tambaya, na ce safarsa ce. Ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce bai san ƙafarsa ta motse haka ba.

Ki gaishe mini da Stjepan, da Vlatka da mijinta, da ƙaramin Borna. Kada Goggo Štefica ta ji wannan, in ba haka ba duk kasuwa ta ji.

Ƙanwarki da ta rasa sukuni,
Ljerka