Ajiyar Munir

Agege, Legas
Ranar Litinin

Zuwa ga mahaifiyata Inno,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya. Yaya ƙafar? Allah ya sa kina shafa maganin nan, ba ki ɓoye shi a ƙarƙashin katifa kina jiran baƙo mai ciwon gwiwa ba. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Munir, ya kai haske kabarinsa. Ina gaida ƙanwata Rahamatu, na san ita za ta karanta miki. Rahamatu, ki karanta a hankali, kada ki tsallake komai.

Inno, kwana huɗu ke nan kina kira ban ɗaga ba. Lafiyata ƙalau, bakina ne ba zai iya faɗin maganar ba. Shi ya sa na ba Sunusi direba takardar, gobe zai tashi daga kasuwar Mile 12, zai ajiye miki ita a Funtuwa.

Kin tuna kwamfutar Munir, laftof ɗin nan mai fashewa a kusurwa, wadda ya ƙi rabuwa da ita har a gadon asibiti? Ranar Laraba na je gidansa in duba matarsa Fareeda. Kamar kullum na tsaya a bakin ƙofa, don ni yayan mijinta ne, ga ta cikin takaba, ga tsohon ciki. Tun da aka kawo ta gidan nan shekara uku, maganar da ta haɗa ni da ita ba ta wuce ina kwana da sai anjima. Gwaggonta Nana Khadija, wadda ke taya ta zama, ita ta fito da kwamfutar naɗe cikin zane. Ta ce Fareeda na roƙona in gyara ta kafin wata ya kama, domin tana ta maƙalewa, wani lokacin sai an kunna sau uku kafin ta tashi. Iyakar saƙon ke nan. Ban tambayi dalilin gaggawar ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Kin san ni da kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ita a makarantar Ikeja, duk layinmu in ta wani ta yi tari ni ake nema. Har daɗi na ji, na ce yau dai zan yi wa iyalin ƙanena abin da na iya. Na dawo gida da la'asar na kunna ta, sai ga fuskar Munir ta cika gilashin, yana dariya a kan buhunan albasa a kasuwa, hula a karkace. Na daɗe ina kallo. Sannan na duba na ga cuta ta cika ta, Windon da ke kai ya tsufa ya gaji. Maganin irin wannan shi ne a sauke tsohon Windo a ɗora sabo, wato a canza abin da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya.

Inno, ga inda na tafka ɓarnar. Doka ta farko da nake koya wa ɗalibaina ita ce, kafin ka ɗora sabon Windo ka kwashe kayan mutum ka adana a wani wuri. Na san wannan kamar yadda na san hanyar masallaci. Har na ɗauko filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, zan fara kwashewa, sai idona ya faɗa kan wani folda can a gefe, an rubuta masa KADA A BUƊE TUKUNA da manyan baƙaƙe. Na tuna Munir da son wasa da yawan jama'a, na tuna 'yan matan Ketu da ke yi masa kirari kafin ya yi aure. Zuciyata ta ce mini asirin namiji ne wannan, abin da bai so matarsa ta gani ba, ga ta da ciki, ga ta da baƙin ciki. Na tuna yadda ranar da muka wanke shi liman ya ce abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci a nan yake ƙarewa. Sai na ce ni ma zan rufa wa ƙanena asiri. Ba zan buɗe ba, ba zan bari kowa ya buɗe ba.

Hotunan biki kawai na kwashe, da karatun Alƙur'ani da yake saurare. Na soka filash mai sabon Windo, na sake kunna ta. Akwai wurin da take nuna maka ɓangarorin ma'ajiyarta, ta tambaye ka wanne za a bari, wanne za a share. Ɓangare huɗu ne. Na share su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ta gargaɗe ni cewa abin da ke ciki zai tafi har abada, kowanne na danna na yarda. Sau huɗu, Inno. Har ina cin burodi da shayi ina kallon lambobi suna hawa zuwa ɗari, ina jin kaina mutumin kirki.

Ranar Alhamis da hantsi na mayar da ita tana gudu kamar sabuwa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran godiya, na ji an kunna ta a ciki. Sannan na ji wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakin Fareeda ba, ko ranar da aka fito da gawa. Har Iya mai sayar da wake ta maƙwabta ta shigo a guje ba ɗankwali.

Gwaggo ce ta fito ta gaya mini. Ashe da Munir ya gane ciwon ƙodar nan ba zai bar shi ya ga ɗansa ba, sai ya ɗauki kansa a bidiyo a gadon asibiti. Ya yi kiran salla da iƙama kamar yadda uba ke yi a kunnen jariri, ya yi huɗuba, ya raɗa suna, ɗaya in namiji ne, ɗaya in mace ce. Ya ce wa Fareeda kada ta buɗe sai ranar haihuwa, a kara a kunnen yaron ya fara jin muryar ubansa. Gaggawar gyaran ke nan, tana tsoron kada ranar ta zo kwamfutar ta ƙi tashi. Kunya ta hana ta aiko mini da maganar haihuwa, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Ban san yadda na iso gida ba. An ce an gan ni ina tafe a gefen layin dogo da takalmi ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, Inno, na yi wa Munir mummunan zato yana kabari. Yana kwance yana tanadar wa ɗansa murya, ni ina nan ina tunanin 'yan mata.

Gobe zan kai ta wurin wani masani a Ikeja. Ki taya ni da addu'a, in kin ga dama kuma ki yi mini faɗa, na cancanta. Ki gaida mutanen gida gaba ɗaya.

Ɗanki,
Abdulhafiz


Agege, Legas
Ranar Asabar

Inno,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kin tashi lafiya, ke da Rahamatu da yaranta. Saƙonki ya iso ta bakin Sunusi, da daddawa da kuka. Da faɗa kika aiko da ya fi mini sauƙi. Kin ce in ci abinci, ina ƙoƙari.

Na hau motar haya ta danfo na je kasuwar kwamfuta ta Ikeja wurin Kamal, ɗan Obalende ne, jikan tsofaffin sojoji, Hausarsa rabi Yarabanci rabi Turanci, amma a wannan aiki ba a kai shi ba. Na taɓa ganin ya dawo wa wata mata hotuna daga wayar da ta faɗa kwata. Da na gama ba shi labari sai ya cire tabarau ya dube ni. Ya tambaya ko ni ne dai malamin da ke turo masa ɗalibai, na ce ni ne. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya kwance bayanta ya ciro ma'ajiyar, 'yar siririya kamar cingam. Yana ganinta ya girgiza kai. Ya ce da tsohuwar ma'ajiya ce mai faifai a ciki, da akwai fata, domin ita in an share abu yakan bar sawu. Wannan ta zamani ce, da zarar an ce ta share sai ta goge wurin tas da kanta. Ga shi kuma na ɗora sabon Windo a kai, na cika ta da manhajoji don in burge. Sai na tuna Munir ya canza mata ma'ajiya bara don ta ƙara sauri, kuma ni na ba shi shawarar.

Duk da haka Kamal ya haɗa ta da na'urarsa kwana uku. Kullum in na tashi daga makaranta can nake zama a kan benci, ina kallon wani layi kore yana rarrafe. Jiya layin ya kai ƙarshe. Abin da ya fito, gutsattsarin takardu ne marasa kai da gindi, sai rabin hoton wata motar albasa. Ko numfashin Munir babu. Na duba wayarsa ma, babu, da kwamfutar ya ɗauka kai tsaye.

Na je na tsaya a bakin ƙofa na faɗa wa Gwaggo, na roƙe ta ta nemar mini gafara. Ta shiga ta daɗe, ta dawo ta ce Fareeda ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban ji kuka ba wannan karon, shirun ya fi dukana. Likita ya ce saura kwana goma ko ƙasa da haka ta haihu. Yaro zai zo, ubansa ya zaɓa masa suna, ni na share shi da yatsa ɗaya. Wa zai zaɓi wani? Ni dai ba ni da fuskar.

A gaida kowa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Abdulhafiz


Agege, Legas
Ranar Talata

Inno tawa,

Assalamu alaikum. Barka, barka da arziki! Ina fata kina lafiya, ƙafar kuma za ta bar ki ki hau mota. Na gaya miki a waya namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Kin tambayi suna na ce layi ba kyau. Layi ƙalau yake, Inno, ki yafe mini.

Jiya da hantsi aka kira ni asibiti. Na tarar da Gwaggo riƙe da shi a bakin ɗaki, hancin Munir sak, har da ɗan tattare goshin nan. Ta ce ba wanda ya yi masa huɗuba, ni ake jira. Na ce a nemo liman. Ta ce Fareeda ta ce ni, kuma in shigo akwai magana.

Na shiga kaina a ƙasa. Fareeda na kwance ta juya wa ƙofa baya, ta ja mayafi. Tana faɗa wa Gwaggo a hankali, Gwaggo na maimaita mini, alhali tsakaninmu bai fi taku uku ba. Fareeda ta ce tana da laifin da ta ɓoye. A sati na uku na takaba kewa ta ci ƙarfinta, ta karya alkawari ta buɗe bidiyon, sau ɗaya tak. Kunyar karya alkawarin ce ta hana ta faɗa, har ta bar ni ina yawo a Ikeja. Muryar dai ta tafi, amma ta ji sunan.

Na dafa gado. Na ce wa Gwaggo ta tambaye ta sunan. Ta ce da mace ce, sunanki ne. Na namijin kuwa Gwaggo ta tambaya sau uku, Fareeda ta ƙi, sai ƙara dunƙulewa take cikin mayafi. Har Gwaggo ta fara faɗa. Can sai na ga hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafin, ya miƙe yatsa ya nuna inda nake tsaye. Wallahi Inno, waiwayawa na yi in ga wa ke bayana. Bango ne kawai da kalanda.

Ba za ta iya faɗa ba, sunan yayan mijinta ne.

Sannan ta ba Gwaggo sauran. Wai a bidiyon Munir ya yi dariya ya shaida wa yaron cewa ya sa masa sunan mutumin da in ka ba shi ajiya, yadda ka bar ta haka za ka same ta.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauka suma na yi, ta kawo ruwa. Da na samu na miƙe, Gwaggo ta ɗora mini shi a hannu. Na yi kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu, muryata na karyewa, na san ba ita aka tanadar masa ba. Na raɗa masa sunana. Daga nan na ƙara abin da ba ya cikin huɗuba, na gaya masa ubansa ya bar masa murya ni na ɓatar, in ya girma ya zo ya tambaye ni, duk abin da na tuna na Munir zan biya shi da shi har in mutu.

Suna ranar Litinin ne, Sunusi zai ɗauko ki ranar Juma'a. Ki taho da laƙabin da za a riƙa kiransa, domin akwai matsala. Ke ba ki taɓa kiran sunana ba tun da ni ne ɗan fari, Malam kike cewa. Fareeda ba za ta kira ba. Rahamatu Yaya take cewa, na ma san in ta zo ƙarshen takarda tsallake sunan take yi. Mutum ɗaya ne a gidanmu yake kiransa gatsal, cikakke, tun daga bakin layi, don ya ga na ɓata rai. Yanzu sunan ya zama biyu a gida, mai kiransa kuma ba ya nan.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya kawo ki lafiya.

Ɗanki,
Abdulhafiz Babba