Hindiyar Inna a Almeriya

Ƙanwata Ijja,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar mijinki? Ni lafiya lau, ban da bayan nan da tsinkar tumatir a gonakin Almeriya ta lanƙwasa.

Kin ce farin ƙwaro ya cinye shingen hindiyar Inna ƙaf, tsiron nan namu mai ƙaya da faffaɗan ganye kamar kunnuwa. To kunne ɗayan da na taho da shi na dasa shekara ashirin da suka wuce ya zama kurmi a bayan ɗakina, shi kaɗai ya rage mana. Jiya wani ma'aikacin gwamnati ya kawo takarda, wai in tumɓuke kafin Juma'a. Ya karanta mini cewa duk tsiron da mutum ya shigo da shi, ya yaɗu har ya takura na ƙasa, a doka sunansa mai mamaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na karanta shari'a a Marrakish. Shekara nawa baƙo zai yi kafin ya zama ɗan gida?"

Ya ce, "Baba, takardar ba ta faɗa ba."

Maƙwabcina Hammu ya zungure ni. "Lauya, yi shiru, kar ya karanto tamu takardar."

Na karɓi takardar, ai na saba. Zan tumɓuke, ƙarfin gardama ya ƙare mini.

Ki aiko mini da man 'ya'yan itacen argan in ya samu. Direban bas zai kawo miki kwalin takalmi ranar Lahadi, da kunnen hindiya ɗaya a ciki. Kada yara su zura hannu, akwai ƙaya. Ki dasa a inda Inna take shanya.

Allah ya raya.

Yayanki,
Mbarak