Allon Ƙofar Kantin Ilu

Alhamis da dare, Matameye.

Zuwa ga shugabannina masu girma, idan littafin nan ya isa gare ku.

Yau na jingine kekena a ƙofar kantin Ilu zan sayi shinkafa. Ya tura shi kwata, ya nuna mini allon hana ajiye abin hawa: "Malam Sani, karatun naka bai kai nan ba?" Alhali allon da Faransanci yake, mu kuwa Hausa aka koya mana.

Kowace Juma'a a inuwar ƙofar gidana Ilu yake ajiye motonsa, wato babur. Na rubuta nawa allon hanin da Hausa, wadda bai iya karantawa ba. Gobe zan mayar masa da tambayarsa.

Shaiduna: Hajiya Rabi mai ƙosai da Habu tela.