Muryata a Bakin Wani

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Ina ganin wayar da kike ta bugowa, ba zan ɗauka ba. Bakin da zan amsa da shi ke kika kai shi aka lalata, sai ki yi haƙuri da takarda.

Kin ce aikin ɗan lokaci ne. Likitan nan naki, wanda na girmi ubansa, ya kwantar da ni a kujera, ya haska mini fitila a ido. Ya ce turamen can ƙarshen muƙamuƙi, waɗanda suke kira haƙoran hankali, na ƙasan sun kwanta a kaikaice cikin ƙashi, sai an tsaga dasashi an farfasa su. Allura ta kashe zafi amma ba ta kashe kunne ba. Ina jin ƙashina yana ƙara kamar ana faskara itace, shi kuwa yana ba ma'aikaciyarsa labarin batirin motarsa. Da ya gama ya cusa mini auduga ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari." Wane ƙoƙari? Baki kawai na buɗe.

An hana ni kurkure baki, an hana ni tofar da yawu, an hana ni shayi mai zafi. Ina zaune da ƙanƙara a tsumma, ina cin dakakkiyar ayaba da cokali kamar autanki. Kumburin zai saɓe. Abin da ya ƙi tafiya shi ne leɓena na ƙasa: ɓangaren hagu ya mutu har haɓa. In na sha ruwa, rigata ce ke gaya mini ya zube. Likitan ya ce jijiya aka taɓa, wataƙila ta farfaɗo. Da "wataƙila" ya sallame ni.

Kin san da leɓen nan nake rayuwa. Duk karatun da na yi, abin da gidan rediyo ya bar mini bayan ritaya shi ne shirin safiyar Asabar, inda nake warware wa mutane labaran duniya. Na aika wa shugaban shirye-shirye cewa ba ni da lafiya. Ban kunna rediyo ba, ba na son jin abin da suka toshe gurbin da shi.

Allah ya yi miki albarka, duk da haka.

Mahaifinki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ya jiki? Yara suna gaishe ka. Auta ya ce a tambaye ka ko ka bar masa ayabar.

Baba, ni ban lalata maka baki ba. Haƙorin nan ruwa yake yi tun bara, kana haɗiyar ƙwayoyi a ɓoye kana cewa sanyi ne. Da an bar shi, da yanzu wani zancen ake yi. Ka sha maganin har ya ƙare, ba sai ka ji sauƙi ka jefa shi bayan littattafai ba, na san halinka. Maganar shiri kuma ka kwantar da hankalinka, kujerarka tana nan.

Allah ya ƙara sauƙi. Ka huta lafiya.

'Yarka.

*

'Yata,

Bayan sallama. Kujerata tana nan, kin yi gaskiya. Har da ni a kanta.

Ranar da na je aka cire mini zaren ɗinkin dasashi, ina dawowa mai aski na bakin layinmu ya tare ni. "Malam, shirin nan na Asabar ka kashe mu, wallahi kamar ƙara maka ƙuruciya ake yi." Na ɗauka shaƙiyanci ne, na nuna masa haɓata na wuce. Mai kanti ma ya faɗi haka. Da Asabar ta zo na kunna rediyo.

Aka sa kiɗan buɗe shiri, aka faɗi sunana. Sai na ji kaina ina yi wa jama'a sallama, da ɗan gyaran muryar nan da nake yi, da komai. Ni kuma ina zaune a falo da tsumma a wuya, yawu yana bin haɓata. Ba tsohon faifai ba ne, labarin wannan makon ake yi.

Na gane shi. Mai karanta tallan nan ne, mai tumbi, wanda ke sayar wa mutane katifa da sabulu da rana. Shi ne yake kwaikwayona a ɗakin shan shayi ana dariya, in na shigo a yi tsit. Shi aka ba sunana ya sa kamar rigar aro. Ba wanda ya ce wa masu sauraro ba ni da lafiya. Makon farko ma, in ji mai aski, har addu'a "na" yi wa marasa lafiya.

Shugaban nan ni na koya masa yadda ake zama gaban makirfo, lokacin da yake rawar baki kamar mai zazzaɓi. Asabar mai zuwa zan je da kaina, ko leɓen ya tashi ko bai tashi ba.

Ki gaida yara.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin ka karanta.

Kada ka ɗora wa shugaban duka. Ni na kira shi ranar da aka yi maka aikin, na roƙe shi kada a sanar ba ka da lafiya. Haka ka raine mu. Lokacin da Mama take kwance a asibiti, tafiya kake ce wa maƙwabta ta yi. Kuma kai ne kullum kake cewa a gidan rediyon nan duk wanda aka sanar da rashin lafiyarsa a iska, kafin ya miƙe an raba kujerarsa. Na ji tsoro. Ya ce in bar komai a hannunsa. Na ɗauka tsofaffin shirye-shiryenka za su maimaita. Wallahi ban san da mai talla ba.

Don Allah kada ka je yanzu. Ka ba jijiyar lokaci. Na kira likitan, ya ce irin wannan yakan ɗauki watanni. In ka ga dama ka yi ta faɗa da ni, na saba, amma kada ka je.

Allah ya huci zuciyarka.

'Yarka.

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ɗalibi ga malaminsa, da fatan jiki yana ƙara sauƙi.

Mun yi farin cikin ganinka ranar Asabar, kuma kowa ya shaida ƙoƙarin da ka yi ka kai shirin har ƙarshe. Sai dai wajibi ne in sanar da kai abin da ya biyo baya. Tun ana cikin shirin wayoyin ofis ba su huta ba. Masu sauraro suna tambayar wane ne aka sa a madadin Malam, mai tauna magana, kuma me ya sa aka ba shi sunan Malam. Wasu sun ce cin mutuncinka ne. Wani dattijo ya tako har ofis, ya ce tun yana saurayi yake jin ka, ba za a ruɗe shi da jabu ba. Duk suna neman a mayar musu da wanda suka ji a makonnin baya.

Hukumar gidan ta ba da shawara kamar haka: Malam ya riƙa rubuta shirin daga gida, abokin aikinmu mai karanta talla ya riƙa karantawa, suna kuma ya zauna yadda yake. Ilimin naka ne, ba mai shi sai kai. Idan Allah ya kawo sauƙi, sai a sake dubawa.

Ina jiran umarninka. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibinka,
Shugaban Shirye-shirye.

*

Shugaba,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso.

Ba zan rubuta ba. Ranar Asabar, kafin kiɗa, ka zauna gaban makirfo da bakinka ka gaya wa mutane cewa mai tauna maganar nan ni ne, an cire mini haƙori leɓe ya mutu, kuma na bar aiki. Sannan ka faɗi sunan mutuminka na gaskiya. Muryar ya riƙe, na bar masa, ni ma ba ni da ita yanzu. Sunana kuwa ku sauke shi.

Ka gaya masa ya daina jan numfashi a tsakiyar jimla. Ban taɓa yin haka ba.

Ka huta lafiya.

Malaminka.