Kondensa ta fashe wa 'yata a fuska, na rotsa kan mijin yayata

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai kai ni gidan yari. Ina rubuto miki leɓena a fashe, yatsuna a kumbure, zuciyata kuwa har yanzu tafasa take yi.

Ni tela ne, da ɗinki nake ciyar da iyalina. Amma tun ina ƙarami nake da ciwon haɗe-haɗen kayan lantarki. A ƙuryar shagona, bayan keken ɗinki, akwai ɗan teburi da ƙarfen narka dalma da tarkacen wayoyi. In aiki ya lafa sai in zauna in haɗa fitila ko 'yar fanka. Ba sayarwa nake yi ba, sha'awa ce kawai. Matata takan ce da za a tsaga kaina, waya za a tarar a ciki.

Shekara da shekaru a shagon mijin yayata nake sayen kayan haɗi. Dogo muke ce masa. Yana da kanta ta gilashi da ƙananan akwatuna jere har rufi, amma tsadarsa ba a magana, kuma ko ni bai taɓa yi wa ragi ba. Sai wani abokina ya koya mini yin oda ta intanet. Anti, kuɗin da za ka sayi abu ɗaya a wurin Dogo, can da shi za a cika maka tafin hannu. Sai dai ka yi ta jira, wani lokacin har ka manta ka yi odar. Tun da Dogo ya ji labari ya sa ni a gaba. In na je sayen ɗan abin da ya yanke mini, a gaban mutane zai ce in je wayar salulata ta ba ni, wai abin da kamfani ya share ya zubar shi nake kwasowa. Ina haɗiyewa saboda yayata, don ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Ranar Asabar ina haɗa akwatin kiɗa, 'yar autata ta shigo. Ita ce mai son kallon aikina, ta zo ta ɗora haɓarta a bakin teburi kamar kullum. Saura kondensa ɗaya in gama, ɗan abin nan mai kama da ƙaramin gwangwani mai ƙafa biyu. Na sa hannu a gwangwanin madarar da nake zuba su duka, na Dogo da na oda, na ɗauki ɗaya na liƙa, na jona wuta. Sai ƙara kamar an harba bindiga. Hayaƙi ya turnuƙe, yarinya ta ƙwalla ihu ta dafe fuska, jini na bin yatsunta. Ɓawon kondensar ne ya yanke ta a ƙasan ido. A asibiti suka ce idon ya tsira, amma sai da aka yi mata ɗinki ina riƙe da ƙafafunta tana kiran sunana.

Daga asibiti ban je gida ba, shagon Dogo na wuce, domin na tabbata tasa ce, a makon nan na sayi irinta a wurinsa. Na wurga masa fasasshiyar a kan kanta. Ban ma tsaya gaya masa abin da ya sami yarinyar ba. Ya ɗauka ya juya ta, ya yi dariya, ya ce ai na san dokar shago, abin da dalma ta taɓa ƙafarsa ba a mayarwa, kuma wannan ba ta yi kama da kayansa ba. Dariyar nan ce ta rufe mini ido. Na ɗaga kujerar da ke wurin na maka wa kantar, gilashi ya tarwatse. Ya tsallako ya naushe ni a baki, muka kama kokawa muna birgima a kan fasassun gilashi. Hannuna ya faɗa kan wata 'yar taransifomar rediyo mai nauyi, na rotsa masa a ka. Jini ya wanke masa fuska. Da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare mu.

Yayata ta zo gidana, ko zama ba ta yi ba. Ta duba fuskar yarinyar ta yi kuka, sannan ta ce daga yau ba ta da ƙane. An ce ita ta hana Dogo kai ni wurin 'yan sanda. Shi kuwa yana ta faɗa wa mutane son arahata ne ya kusa makantar da 'yata. Duk sanda na kalli filastar da ke fuskar yarinyar sai in ji bai daku ba. Jiya na sa babban almakashina a aljihu na kama hanyar shagonsa, sai da na yi nisa na juyo, ban san ko gobe zan iya juyowa ba. Anti, ya zan yi?

Naki,
Tela mai dalma

*

Ɗan'uwa Tela,

Kafin komai, fito da almakashin nan ka ba matarka ta ɓoye, yau ɗin nan. In ka ji ƙafarka na jan ka wajen shagon, ka kira abokinka ya zo ya zauna da kai. Sannu da jinya, na ji zafin abin da ka gani a asibiti, kuma kowane uba zai iya fita hayyacinsa.

Amma ka yi haƙuri in faɗa maka gaskiya: ba ka san ko ta waye ta fashe ba. Da bakinka ka ce a gwangwani ɗaya kake zuba su duka, na shago da na oda. Na tambayi masu gyaran rediyo, sun ce kondensa tana fashewa in jabu ce, ko ta tsufa a ajiye, ko wutar ta fi ƙarfinta, ko an juya ƙafafunta wajen liƙawa. Ka ga laifin zai iya zama na Dogo, ko na wani ɗan kasuwa da ba za ka taɓa gani ba, ko na hannunka. Abin da babu shakka a kansa shi ne ka jona wa sabon haɗi wuta fuskar yarinya na bakin teburi. Ina jin wannan ne yake cin ka, shi ya sa kake neman wanda za ka daka.

Dogo ma ba wankakke ba ne. Gorin da ya daɗe yana yi maka a gaban jama'a rashin girma ne, yawo da maganar yarinya a bakinsa kuwa ya fi muni. Sai dai lokacin da ya yi dariyar nan bai san an ji mata ciwo ba, kai ka hana shi sani. Tsadarsa kuma ba duk cuta ba ce, yana biyan haya, kuma in abu ya lalace akwai wanda za ka tunkara.

Maganar saye mai sauƙi ce. Ƙananan abubuwan da ba su da haɗari ka ci gaba da odarsu. Duk abin da zai ɗauki wuta mai ƙarfi, ka saya inda za a gwada maka da mitar awon wuta a gabanka. Ka raba musu ma'aji, kuma kada ka ƙara jona wuta yaro na kusa.

Sannan ka sami babban da ku biyun kuke jin nauyinsa ya raka ka gidan yayarka. Ka duba Dogo, ka ba shi haƙuri ba tare da ka haɗa da "amma" ba, ka gyara masa kantarsa. Ƙorafinka na gori ka bari sai kansa ya warke, a zauna a yi shi a gaban manya. Matar da ta ce ba ta da ƙane ita ce ta tsaya tsakaninka da ofishin 'yan sanda, tana wanke raunin da ka yi wa mijinta. Kada ka bari ta gaji.

Allah ya ba 'yar auta da Dogo lafiya, ya sanyaya maka zuciya.

Anti