A Kan Keken Baba Zuwa Gidan Kawu Tela

Asabar, 2 ga Agusta

Yarana na ƙungiyar keke a makaranta duk tunaninsu ɗaya ne, wai doguwar tafiya ƙarfin ƙafa take so. Kowane zango sai na gyara musu, kuma ina jin daɗin gyarawar. Ba ƙafa ce ke kayar da mutum ba. Sirdi ne, sai kuma rashin dalilin tafiyar. Ni kam dalilina har ya yi mini yawa.

Gidan Kawu Tela zan je. Aminin Baba ne tun suna samari, matarsa Gwaggo kuma ƙawar Inna ce ta ƙut da ƙut. Baba ya rasu bara, ko ƙeyarsu ba mu gani ba. Waya guda, wai suna nan tafe. Har yau suna tafe. Yanzu Inna na kwance, ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Jiya da zazzaɓi ya rufe ta, Gwaggo take ta kira. Da ta farfaɗo sai ta ce ita ba ta kira kowa ba, kuma kada in kuskura in je roƙon wata.

Ba roƙo zan je ba. Keken Baba zan hau, wanda yake kai musu ziyara a kansa, in jingine shi a ƙofarsu su kalla. In da sauran kunya a idonsu, za ta fito. Yaya ta ce in shiga mota kamar mai hankali. Ba ta gane ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

Madigadin da ke rufe tayar baya yana kwaramniya kamar gwangwani a bindin kare. Baba bai taɓa ɗaure shi ba, ni ma na bar shi.

Gonaki kore shar har iyakar gani. Da yarana suna nan da na tsayar da su a kan gada, na nuna musu yadda ruwa ke cin gaɓa ɗaya yana ajiye yashi a ɗayar. Maimakon su sai direbobin manyan motoci, masu ganin duk wanda ke kan ƙafa biyu ƙwaro ne. Wani ma ya leƙo yana tambaya ko gudun gida na yi. Jaki da sitiyari.

Na sauka a wani masauki. Katifa ta lotsa a tsakiya, ƙusa ɗaya a bango, fanka tana juyi ba iska. Na shirya abin da zan faɗa wa Gwaggo. Gajere, mai ladabi, mai ciwo.

Litinin, 4 ga Agusta

Ruwa, taɓo, faci, sirdi. Duk a kan mutanen da ba su cancanci ko ɗaga hannu ba.

Talata, 5 ga Agusta

Na iso da hantsi. Gidan ya tsufa, allon shagon ya koɗe, ciyawa ta cinye bakin ƙofa. Ban ko sauka ba na ji murya daga ciki.

"Dogo ne. Ku buɗe wa Dogo."

Laƙabin Baba ke nan, ba mai kiransa da shi sai Kawu Tela. Kwaramniyar madigadi ya ji. Ya fito ba takalmi, tef ɗin awo a wuya, ya kama hannuna da hannu biyu yana faɗa, wai na yi nauyin ƙafa, wai tun yaushe yake ajiye mini yadi. Na buɗe baki zan ce ni ɗansa ne. Gwaggo tana bayansa, ta kaɗa mini kai a hankali, idonta a kan keken. To, kunyar da na zo nema ta fito. Ban ji daɗin da na yi zato ba, amma gajiya ce.

Ya ja ni cikin shago. Teburin yanka, almakashi a rataye can sama inda hannu ba ya kaiwa, ƙyallaye a kwali. Ya hau injin ɗinkinsa yana ta taka feda, yadi na wucewa, ba ɗinki ko ɗaya. Babu allura a jiki. Gwaggo ce ta cire tun ranar da ya ɗinke yatsansa.

Jawabina yana nan a cikina, bai sami wurin fita ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Gwaggo ta ba ni labari muna wanke kwanuka. Wai kansa ya fara juyewa tun kafin rasuwar Baba. Ranar da ta gaya masa rasuwar ya yini yana kuka, washegari ya tashi yana tambayar yaushe Dogo zai zo. Ta sake gaya masa, ya sake kukan sabo fil. Daga nan ta daina. Ba ya yarda da kowa sai ita, in ta je kasuwa ma sai ta kulle shi. In an sa shi a mota ihu yake yi.

Na ce to waya fa? Baki ya yi ciwo ne? Ta ce ta kira Inna ba adadi, Inna ba ta ɗauka. Na ce ai da ni ta kira. Ta ce ba ta so a ji cewa mutumin da ya yi wa rabin garin nan sutura yau bai san hannun riga ba.

Girman kai ke nan, ba wani abu ba. Tsofaffi biyu, ɗaya ta ƙi faɗa, ɗaya ta ƙi ɗauka, sun zauna kowacce tana kiwon fushinta kamar akuya. Yarana 'yan aji ɗaya ba sa wannan shirmen. Ga babban ɗansu, wai Injiniya, ya aiko da kujerar guragu ga mutumin da ƙafarsa lafiya lau. Ko hotonsa da ke bango hararar mutane yake yi.

Na gaya mata halin da Inna take ciki. Ban roƙa ba. Ta daɗe tana goge kwano ɗaya, sannan ta ce, "Wa zan bar wa shi, ɗan nan?"

Wannan ba matsalata ba ce.

Alhamis, 7 ga Agusta

Da safe Gwaggo ta fita ɗebo ruwa, Kawu Tela bai ko waiga ba. Yana gefena yana ba ni labarin wani kare da ya bi su, shi da Baba, har cikin rafi. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu. Ni ma na lura, ba sai an gaya mini ba.

Motar rana Gwaggo ta bi zuwa wurin Inna. Ta nuna mini maganinsa, da inda take ɓoye ashana. Na ce ta yi sauri ta dawo, hutuna ba na banza ba ne.

Asabar, 9 ga Agusta

Yaya ta kira. Wai da Gwaggo ta shiga, Inna ta juya fuska bango ta ce wa ya gayyato ta. Gwaggo ta ce ba wurinta ta zo ba, ƙafar ta zo gani. Yanzu suna gado ɗaya suna zagin likita, Inna har ta ci abinci.

Nan kuwa kullum da safe sai an auna ni. In miƙe, in baza hannuwa, ya zagaya da tef yana ƙunƙuni, ya manta, ya sake. Ni da nake hana yara ƙarya ko da wasa, ga ni ina amsa sunan da ba nawa ba. Yau ya kai tef ƙirjina ya tsaya.

"Dogo, ka rame. Matar nan tana ba ka abinci kuwa?"

Na ce tana ba ni. Ya ce in gaishe ta, in gaishe da yaron nan nawa mai surutu, wanda zai zama malami. Wai yaron yana da kirki, bakinsa ne kawai.

Na ce zai ji.

Gwaggo ta tambaya ko za ta iya ƙara kwana biyu. Na ce ta ƙara, dama tayar baya tana son gyara, ba don wani abu ba. Yaya tana ta dariya a waya, wai na yi laushi. Ba laushi ba ne. Duk mai ganin haka, ya zo ya tsaya a gaban tsohon nan da hannuwa a baze, ya gaya masa gaskiya in gani.