Muryarka a Kwalin Bukkuyum

Zuwa ga Na-Inna,

Bayan gaisuwa da sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a inda kake. Malamin da ke rubuta min wannan takarda a bakin kotu ya tambaye ni sunan da zai sa a sama. Na ce ya rubuta abin da na faɗa, ya bar tambaya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina neman kaset guda ɗaya, ba a ba ni amsar da mutum zai riƙe ba. A ɗakin karatu na Gummi su ce ba ya cikin rajistarsu, in gwada Anka. A Anka su buɗe min rajista uku, ta littattafai daban, ta takardun ajami daban, ta hotuna daban, su ce ta kaset tana Bukkuyum. In je Bukkuyum in tarar mai makulli ya tafi ta'aziyya. Ɗakuna uku ne, na ƙungiya ɗaya, ƙungiyarku ta malaman makaranta, amma kowane ɗaki bai san abin da ke cikin ɗan'uwansa ba. Tun ina fushi har na daina. Zuwa kawai nake yi, kamar yadda ake zuwa duba gonar da ruwa ya riga ya ci.

Ka san kaset ɗin da nake nufi. Hutun nan da ƙungiya ta ba ku rikoda, ku malamai bakwai ko takwas, kuna bin ƙauyuka kuna ɗaukar maganar tsofaffi a kan noman fadama da su, wato kamun kifi. Ka je har Sunke a kan keke. Wata huɗu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da kai, kwana biyar anka yi ka cika.

Ni ka fara zo wa da rikodar. Ina gyaran komar kamun kifi a gindin tsamiya ka durƙusa nesa kaɗan, ka ce ko zan yi maka bayanin yadda ake dashen shinkafa a da. Ban dube ka ba. Na ce ka je ka tambayi wani, na tashi na bar maka komar. Ba ƙi ba ne. Kai ne na fari, kuma haka munka tarar ana yi: ba a zama da ɗan fari ana hira, ba a kiran sunansa. Tun ranar suna Inna, kakarka, ta ɗauke ka, shi ya sa kake Na-Inna. Ka tafi gidan Sarkin Ruwa, ta bayan danga ina jin ku. Duk sanda tsohon ya yi nisa da zance sai ka yi gyaran murya ka ce, "To Baba, mu ɗan koma baya." Ya yi dariya, kai ma ka yi.

Ba wanda ya san ina nemanka. A gida cewa nake na tafi kasuwar Anka duba iri. Uba ba ya yawo gari-gari yana neman muryar ɗan fari, mutane su ji. Ko ma'aikatan, abin da nake ce musu, "kaset ɗin yaron wajena." Su ce wane ne shi, in ce malami ne. Su ce sunansa, in ce su duba dai, ai aikinsu ne. Har yau ina ganin da sun so da sun duba.

Bara anka kawo sabuwar ma'aikaciya Gummi, Malama Rabi. Ita ta gaya min za a haɗa rajistocin duka a kwamfuta, gurbi ɗaya, ka rubuta abin da kake so, ko yana Anka ko yana Bukkuyum ya fito maka. Ranar da kwamiti ya zauna zaɓen irin wadda za a sa, ba a gayyace ni ba. Na je na zauna a bencin baya da sandata.

Iri biyu anka nuna. Ta farko sauri gare ta, cikin mako ɗaya an gama, amma littafin boko kawai ta sani, mai lamba a bayansa. Ta biyu sai an zauna an shigar da komai da hannu, takardar ajami, hoto, kaset, ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ta farko sunka so. Malama Rabi ta ce in haka ne rabin abin da ke ɗakunan nan zai zama kamar babu shi. Anka yi ta ja har la'asar, ta biyun ta ci da ƙyar.

Da sunka zo karanta guraben da za a cike wa kowane kaset, na kasa kunne. Sunan mai magana, garinsa, abin da ya yi magana a kai. Shi ke nan. Na miƙe na ce, shi kuma wanda ya riƙe rikodar fa, iska ce ta ɗauka? Shugaban ya ce, "Baba, wanga taro na ma'aikata ne." Na ce na sani, shi ya sa ba a gama ba tun safe. Wasu sunka yi dariya. Malama Rabi ba ta yi ba, ta ƙara gurbi ɗaya a takardarta.

Wata takwas sunka yi suna aikin. An kafa sola a kan rufi. An ɗauko rajistocin Anka da na Bukkuyum a bayan babur, an naɗe su cikin buhu. Wata rana wuta ta ƙi, wata rana layin ya yanke, wata rana rubutun wani ya gagari karantawa. Ni dai in na taso daga fadama in biyo in zauna a baranda. Ba na tambaya. Ina jin ƙarar yatsunsu.

Ranar Talata da hantsi Malama Rabi ta kira ni ciki. Ba kowa sai ni da ita. Ta juyo min da allon kwamfutar, fari fat, da ɗan gurbi a tsakiya. Ta ce, "Baba, wannan ba ta san yaron wajena ba. Suna take so."

Na tuna Inna, na tuna mahaifina da ya mutu bai taɓa kiran yayana ba. Na ce ta dubi bango. Ta duba. Na dubi ƙasa, na faɗa. Shekara arba'in da ɗaya da anka raɗa maka shi a kunne, ranar nan bakina ya fara ɗaukarsa. Ba nauyi gare shi ba, Na-Inna. Abin da ya fi damuna ke nan. Gajere ne, ya fita kamar kowace magana.

Ta rubuta, ta danna. Allon ya yi ɗan juyi ya tsaya. Ta ce babu. Ta haɗa da sunana, babu. Ta sa Sarkin Ruwa, anka sami littafi biyu da hoto ɗaya, ba kaset. Sai ta jawo tsohuwar rajistar Bukkuyum ta buɗe a gabana, ta bi layi da yatsa. Duk inda ya kamata a ce wane ne ya ɗauka, "malami" kunka rubuta. Dukanku. Ba wanda ya sa sunansa.

Ban ji komai a raina ba. Na yi mata godiya, na fita, na sayi goro, na je gona na cire ciyawa har azahar. Har yanzu jira nake abin ya iso ni, bai iso ba.

Kashegari ta gaya min sauran. Akwai kwali uku na kaset a ɗakin Bukkuyum, ruwa ya wanke rubutun jikinsu, gara ta ci na wasu. Ba a shigar da su ba, don kwamfuta ba ta gane abin da mutum bai ba shi suna ba. Ɗakin yana yoyo, mai shi ya ce a fita kafin damina, kwamiti kuma ya yanke duk abin da bai shiga ba a lokacin za a kwashe a zubar. Rikoda ɗaya ta rage mai aiki, an ce ma'aikaci kaɗai ke taɓa ta.

Na ce a ba ni kujera da rikodar. Ban san baƙin rubutu ba, amma na san muryar kowane tsoho daga nan har Dareta, na san wanda ya mutu da wanda ya ƙaura. In ji, in faɗi, Malama Rabi ta rubuta. Kwamfutarsu ta cika, ni kuma in jira wani ya yi gyaran murya ya ce mu ɗan koma baya. Ta kai wa kwamiti maganar a rubuce. Juma'a uku ke nan ba amsa. Shekaranjiya na ga hadari ta gabas.

Shi ya sa na ce a manna wannan takarda a ƙofar ɗakunan duka uku, a sa ta a waya kowa ya gani. Gida ma su ji inda nake zuwa. Abin da na ɓoye shekara goma sha ɗaya ban ga abin da ya tsare min ba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka, Ya haɗa ka da Inna. Ni ma Ya yafe min komar da na bar maka a gindin tsamiya. Da na zauna, da yanzu muna cikin kaset ɗaya.

Ku kuma 'yan kwamiti, na san kuna karantawa. Ban roƙi aiki ba, ban roƙi a kira ni taro ba. Kujera ce da rikoda. Ɗayanku ya fito baranda, ina nan kullum bayan hantsi, ya dube ni ya ce i ko a'a kafin ruwa ya sauka.

Ni ne,
wanda ka sani,
daga bakin gulbi, Gummi.